RUWAN BAHAR

Shafi na 31

Masu turo mini saƙo cewa Ramla ta cika haƙuri, to yau haƙurin ya ƙare. Amma ku karanta har ƙasa kafin ku zagi kowa.

*

Tun daga bakin ƙofar ɗaki Ramla ta san wani abu ya faru, domin hasken da ke fitowa daga akwatin kifinta ba shuɗi ba ne kamar kullum. Ya koma kalar shayi da madara.

Ta saki buhun gishirin da suka tashi tun asuba zuwa Khartum domin sayowa. Ɗayyabu, mijinta, yana waje yana sallamar mai keken raksha da ya kawo su, bai ga lokacin da ta durƙusa a gaban gilashin ba.

Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda ko barci ba sa yi a rabe, suna yawo a saman ruwa ciki sama. Murjanin teku mai rai da jiya yake buɗe yana rawa ya tsuke, ya saki wani farin yauƙi. Famfon baya sai gurnani yake yi, laka ta cika masa baki.

Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana.

Babu gishiri ko kaɗan. Ruwan kogi ne, ruwan Nilu na damina da jar ƙasarsa. Wani ya kwashe nata tas, ya cika mata da wannan.

Ba ta yi kuka ba.

Wanda bai san Ramla ba zai ce ai kifi ne kawai. Ramla 'yar Bur Sudan ce, a bakin teku aka yanke mata cibiya, mahaifinta mai nutso ne da yake fito da kifin wuri daga ƙasan ruwa har ranar da ya nutsa bai fito ba. Can Ɗayyabu ya same ta yana aikin tashar jirgi, can suka yi aure, sai rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi ƙauyensu kudu da garin Kamlin ya riƙe gonar gidan. Ta biyo shi don tana son sa, so irin wanda ba ya jin magana. Amma shekara biyu a gidan nan ba a daina kiran ta baƙuwa ba. Bara har ta ɗaure kayanta. Shi ne ya zauna a kan akwatin tufafinta ya ce mata, idan ba zai iya mayar da ita bahar ba, zai kawo mata bahar ɗin har ɗaki. Ta kwance kayan. Tun daga ranar, duk sanda zaman gidan ya ishe ta, gaban gilashin nan take zuwa ta zauna har ta ji za ta iya ƙara kwana ɗaya.

Kuma ta san wanda ya yi. Mutum uku ne kawai a ƙauyen nan suka ji da kunnensu abin da ruwan daɗi yake yi wa wannan akwati.

Ranar da suka je zaɓen akwatin, Hadizatu, yayar Ɗayyabu, ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba za ta bari a yi wa ƙanenta wayo a birni ba. Mai shagon, wani dattijo Abdulmuttalib, ya nuna musu guda uku. Ɗayyabu ya tafi kai tsaye wajen babban, mai tsawon gado, ya dafa shi ya waiwayo yana kallon Ramla kamar yaron da ya ci jarrabawa. Hadizatu kuwa ta nuna ƙaramin da baki, ta ce in dai dole sai an yi wautar, a ɗauki wannan kwalbar alawar a wuce wurin.

Ramla ce kaɗai ta saurari dattijon. Ya ce ƙaramin ba ya yafiya, zafin yankinsu na Jazira zai dafa shi kafin azahar, kuma ruwa kaɗan ya ƙafe gishirinsa ya hau. Babban kuwa yana son wani akwatin a ƙarƙashinsa, da bututu, da mai gyara, da wutar da ba ta ɗaukewa, alhali ita ta san wutar ƙauyensu ba ta da alkawari. Na tsakiyan jarka bakwai yake ci. Duk kayan aikinsa a bayansa suke, an raba su da baƙin bango, famfo da matatar ruwa da wurin tara datti, fitilarsa kuma a murfi. Batirin mota ɗaya zai riƙe famfon in wuta ta tafi.

Ta shafa gilashin ta ce wa Ɗayyabu ga nata nan, komai da ruwanka. Ya yi dariya ya ce shi babban ya so ya saya mata. Ta ce masa a hankali, wanda za ta iya rayawa take so, ba wanda za ta binne ba.

Sannan dattijon ya ɗaga yatsa ya ja musu kunne su ukun. Ruwan gishiri kawai, wanda aka auna. Ruwan famfo ko na kogi, in ya maye gurbinsa, awa ɗaya ta isa. Hadizatu ta gyara tob ɗin da ta lulluɓa da shi ta ce, "Ashe kifin ma halin uwar ɗakinsa ya ɗauko. Ruwanmu ba ya karɓar su."

Sati shida Ramla ta yi tana rainon duwatsu a ruwa kafin a saka rai a ciki, Hadizatu tana gaya wa maƙwabta matar ƙanenta ta fara kiwon dutse. Kuma yau da asuba, suna fita, da kunnenta ta ji ta tana cewa sai ta ga ƙarshen kifayen nan da suka fi mutanen gida daraja.

Ramla ta ɗauki kofin shan ruwa, ta kamfaci ruwan lakar, ta fita.

Hadizatu tana ƙarƙashin rumfar tsakar gida tana soya gahawa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, sai ta tambayi kaskon gabanta ko 'yan birni sun dawo lafiya. Ramla ta ajiye kofin a kan tabarma, dab da gwiwarta.

"Sha."

Hadizatu ta dubi kofin, ta dubi Ramla tun daga ƙafa har kai.

"Ni kike ba wa umarni a gidan ubana?"

"Ki sha, Yaya. Ai ruwanku ne. Ke yana karɓar ki."

Sai ga Ɗayyabu ya fito daga ɗakin, hannunsa a jiƙe har gwiwar hannu, fuskarsa ta canza. Bai tambayi Ramla komai ba, ya riga ya gani. Ya tsaya a kan yayarsa ya tambaye ta ina take tun safe. Ta ce gidan makoki ta je, ta dawo bayan azahar, in yana son ƙarin bayani ya je ya tambayi gawar. Ya ce wa ya shiga ɗakin matarsa. Ta ce ba a ɗauke ta gadi ba. Ya gaya mata abin da aka yi, ita kuwa ta ci gaba da juya gahawarta.

Na ɗan lokaci kaɗan Ramla ta ga hannun Hadizatu ya tsaya a kan cokali, kamar wadda labari ya zo wa sabo. Amma sai bakinta ya karkace, ta yi wata 'yar dariya.

"Sun mutu? Allah sarki. Sai a yi musu sadakar uku."

Daga nan Ramla ba ta ƙara riƙe harshenta ba. Duk abin da ta haɗiye shekara biyu ya fito. Ta tuna mata ranar da ta zubar da miyar kifin da ta yi wa baƙi ta ce gidan ya ɗauki ƙarni. Ta tuna mata yadda take juya harshe zuwa tsohuwar Hausar da ta san Ramla ba ta cika kamawa ba duk sanda mata suka taru, don a yi dariya ba ta san da ita ake ba. Ta ce mace mai shekara arba'in da ta kasa zama a ɗakinta ba za ta taɓa ƙaunar ganin wata a nata ba.

Wannan ta ƙarshen ta shiga. Hadizatu ta sauke kaskon ta miƙe.

Ita ma ta kwance nata buhun. Ta ce ita ta goyi Ɗayyabu a bayanta lokacin da Inna take tsintar auduga daga safe har yamma. Ta ce an ɗauko musu wata daga bakin gishiri, ba ta iya toya wainar kisra ba, ba ta san hanyar gona ba, ba ta zuwa suna ba ta zuwa makoki, sai zama gaban gilashi kamar mai jiran wahayi. Ta ce wuta in ta ɗauke, batirin gidan nan na kifi ne, uwar da ta haifi maigidan kuwa ta yi fifita da murfin kwano. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Wasu maza biyu da ke dawowa daga gona suka tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa.

Ɗayyabu ya ce tambaya ɗaya yake yi mata, ita ce ko ba ita ba ce.

Da Hadizatu ta ce a'a a lokacin, wataƙila da maganar ta tsaya nan. Amma idon mutane yana kanta, kuma ita ba a taɓa ganin ta rusuna wa ƙanenta ba.

"In ni ce fa? Me za ka yi?"

"Yaya, kada ki kai ni."

"Na kai ka. Me za ka yi, mijin kifi? Ubanta ma ruwan da take bauta wa ne ya cinye shi, ko ƙashinsa bai dawo ba. Ta gode Allah da ta samu abin binnewa yau."

Ramla ta ji ƙasa ta juya da ita. Ta dafa gimshiƙin rumfar. Ba ta san lokacin da hawayen suka zo ba, sai dai ta ji ɗanɗanonsu a baki.

Ɗayyabu ya kalle ta. Shekara huɗu da sanin sa, ba ta taɓa ganin idonsa haka ba. Ya juya ga mazan da ke bakin ƙofa ya ce su shaida. Ramla ta gane abin da zai yi tun kafin ya buɗe baki, domin ta sha jin mazan garin nan suna yin ta a kan abin da bai kai ya kawo ba, a kan baƙo ya tsaya cin abinci, a kan rabon ruwan gona. Ta miƙa hannu za ta kama rigarsa, ba ta kai ba.

"Alayyat-talag, har uku. Duk wanda ya zuba ruwan nan a akwatin nan, ba zai ƙara kwana a gidan nan ba."

Rantsuwa da saki. In wanda ya yi ya kwana, auren Ramla ya tafi, kuma tafiyar da babu kome.

Ɗaya daga cikin mazan ya sauke fartanyarsa yana salati. Wata maƙwabciya da ke kan katanga ta rufe baki da gefen mayafi.

Kuma Allah ya sani, a wannan daƙiƙar wani sanyi ya ratsa zuciyar Ramla. Ya zaɓe ta. A gaban gari, a gaban yayar da ta goye shi, ya ɗora aurensa a kan hawayenta. Tsoro da daɗi suka haɗu mata wuri ɗaya har ta kasa tantance wanne ya fi yawa.

Hadizatu kuwa fuskarta ta zube.

"Ɗayyabu," ta ce, kuma wannan karon babu gatse a muryar. "Wallahi ba ni ba ce."

Ya ce ta makara, ta je ta haɗa kayanta, gidan kawunsu yana nan a Kamlin. Ta sake rantsuwa. Ya ce ai yanzu ta ce ita ce. Ta ce cewa ta yi in ita ce, bai saurara ba. Suna cikin haka labulen ɗakin ƙurya ya motsa.

Inna Sabuwa ce, mahaifiyarsu. Tsohuwa ce da idonta ya fara hazo, kunnenta kuma sai an ɗaga murya. Tun da aka kawo Ramla gidan ba ta taɓa taka ɗakinta ba, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a taƙaice. Ta fito a sunkuye tana dafe da ƙugu, da alamar barcin gajiya a fuskarta, tana tambayar wannan hayaniyar ta mece ce mutum ba zai miƙe bayansa ba.

Ta dubi Ramla da ke kuka, ta dubi 'yarta, sai ta girgiza kai kamar wadda ta riga ta san zancen.

"In kan kifin nan na, ku bar faɗa. Na gyara."

Ramla ta ɗago. A lokacin ta lura da bakin zanin tsohuwar, jar laka ta bushe a kansa har ƙauri.

Inna ta samu gefen gadon igiya ta zauna, ta fara bayani tana haki, da ɗan alfaharinta. Ta ce da asuba ta ji abin da Hadizatu ta faɗa, hankalinta bai kwanta ba. Da gida ya watse sai ta ce bari ta leƙa ta ga ko yarinyar nan ta aikata. Ta samu kifaye suna ta kai-komo kamar masu neman hanyar fita. Ta sa yatsa ta lasa.

"Gishiri, ɗiyata. Gishiri kamar an jiƙa kanwa. Na ce la ilaha, Hadizatu ta kashe dabbobin Allah."

Ta ce ba ta so Ɗayyabu ya dawo ya tarar, don ta san zuciyarsa. Ta tare mai amalanken jakin da ke kawo ruwa, ta hana shi na famfo, ta ce ya gangara ya ɗebo mata na bahar sabo, tun da ta sha jin Ramla tana cewa kifin bahar ne, ruwan bahar kaɗai yake sha. Ya sauke mata ganga a ƙofar gida. Ita da kanta ta kwashe gurɓataccen da kwano, ta zubar a bayan gida, ta yi ta jido da ɗan bokiti, sawu nawa ma ba ta ƙirga ba, har bayanta ya ƙage.

"Laka ta, za ta kwanta zuwa gobe," ta ce wa Ramla, tana murmushi da sauran haƙoranta. "Kada ki riƙe ta a zuciya. Yayarki ta, ba ta da hankali, amma ba muguwa ba ta."

Bahar.

Ramla ta ji kalmar ta faɗo mata a ka. A Bur Sudan in aka ce bahar, teku ake nufi, babu wani. A nan kuwa, tun daga jariri har tsoho, Nilu suke kira bahar. Bahar ya cika, bahar ya janye, an kai amarya bahar ta wanke fuska. Tekun da ta baro suna ce masa Maliya, in ma sun ambace shi. Shekara biyu tana faɗin kalmar a tsakar gidan nan, tsohuwar tana jin ta, kowacce da ruwan da take gani. Kuma gishirin nan a ɗaki take auna shi, ƙofa a rufe, don gudun bakin Hadizatu. Ba ta taɓa ce wa Inna zo ki gani ba. Ko sau ɗaya.

Murmushin Inna ya fara dusashewa. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta kai ga mazan da ke bakin ƙofa, waɗanda suka sunkuyar da kai.

"Mi ya faru? Ba su warke ba?"

Hadizatu ce ta matsa kusa da kunnenta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta gaya mata kifin da gishiri yake rayuwa, ta gaya mata sun mutu, sannan ta maimaita mata rantsuwar ɗanta kalma bayan kalma, idonta a kan Ramla tun daga farko har ƙarshe.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta dubi tafin hannuwanta, inda igiyar bokiti ta yi mata jan layi. Sannan ta dubi ɗakin ƙurya, ɗakin da aka kawo ta tana amarya, inda ta haife su, inda aka wanke mijinta.

"To," ta ce. "Hadizatu, ɗauko min tob ɗina da takalmi. Ba ni kashe auren ɗana."

Hadizatu ba ta tafi ba. Ta juyo ga Ramla ta ce, da murya ƙasa ƙasa yadda na kan katanga ma sai da suka miƙo wuya, ta yi murna, yau za a ce a garin nan an kori uwa saboda kifi, kuma har jikokin jikoki za a riƙa faɗa.

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe da kanta, ta nufi ƙofar gida haka nan, ba takalmi, da lakar a zaninta. Mazan suka dare suka ba ta hanya. Ramla ta so ta yi magana, ta ce ta yafe, ta ce kifi ne kawai, ta ce a kira malami, amma ta san rantsuwar ba a hannunta take ba, kuma ba ta jin yafiya.

Saura taku biyu tsohuwar ta kai dokin ƙofa Ɗayyabu ya sha gabanta. Ya zube a ƙasa ya rungume ƙafafunta, goshinsa a kan busasshiyar lakar, kafaɗunsa suna girgiza.

Ramla ta tsaya tana jiran ya waiwayo. Kallo ɗaya take so, ko na neman gafara ne.

Bai waiwayo ba.

"Ba inda za ki, Inna," ya ce. "A ɗakinki za ki kwana."